Ƙwarƙwatar Auta

Ranar farko, ƙwarƙwata arba'in da ɗaya uwar ta taje daga kan Auta. Ta jera su a farin ƙyalle, ta murtsuke da farce, ta rubuta adadin a bayan kalanda kamar yadda malamar asibiti ta ce. Sharaɗin makaranta ɗaya ne: sai an yi kwana uku a jere ba a samu ko guda ba, sannan yarinya ta koma aji.

Sha bakwai. Tara. Huɗu. Ranar da aka taje babu komai har shewa suka yi. Washegari sai ga shida, manya-manya, ƙosassu. Ashe tsugune ba ta ƙare ba.

Mako biyar ke nan ana abu ɗaya. Ta dafa zanen gado, ta shanya katifa a rana, ta canza magani sau biyu. Ta hana Auta shiga maƙwabta, har suka yi sa-in-sa da matar gidan da ke kallon nasu, don a cewarta ruwa ba ya tsami banza. Ga keken ɗinki na jiranta, ga girki. Ita kanta kitson da ke ƙarƙashin ɗankwalinta ya kusa wata uku, ba ta samu sukunin tsefewa ba. In an gama tazar rana sai ta zube a tabarma tana sosa ƙeya, tana tsine wa zafi. Auta ta lallaɓo ta haɗa kanta da na uwar, barci ya kwashe su.

Uwar ta gaji, irin gajiyar da ko faɗa mutum ba ya iyawa. Da adadin ya koma takwas, ta jawo almakashin ɗinki.

"Mama, don Allah a ƙara kwana ɗaya," in ji Auta, ta dafe gashin da aka shekara bakwai ana tattalinsa har ya sauko kafaɗa.

"Haƙuri za ki yi, 'yar nan. Gashi ne, zai fito. Karatu fa ba ya jira."

Minti goma aka gama. Auta ba ta yi kuka ba, kuma hakan ya fi yi wa uwar ciwo. Uwar ta sunkuya za ta share gashin, ɗankwalinta ya zame ya faɗi.

"Mama, tsaya, kar ki motsa."

Auta ta matso da ƙwalƙwal ɗin kanta, ta sa yatsu a tsohon kitson uwarta, kuma kafin ta kai ƙarshen layin farko ta ƙirga goma sha tara.