Minti Goma na Jar Mota

Tun da aka hana fetur, sau ɗaya a shekara hukuma ke barin Malam Tanimu, tsohon makaniken kasuwar Panteka, ya tayar da jar motarsa 'yar Japan, mai wani irin inji na daban, marar fistan. Minti goma kacal, kuma a gaban jami'i.

Bana wata jami'a, Uwani, aka turo. Ya murɗa makulli, motar ta yi gurnani, tantabarun unguwa suka watse.

"Baba, kai ka mai da ita haka?"

"Shekara talatin ina sake mata kayan ciki, 'yata."

Uwani ta shaƙi hayaƙin, ta lumshe ido. "Ƙamshin rigar mahaifina ke nan."

Agogon hukuma da ke hannunta ya fara ƙyafta jar wuta. Lokaci ya cika. Ta rufe shi da tafinta.

"Ƙara ba ta wuta, Baba."