Gilashin da Ya Lalace

"Kankare wannan, ya lalace," in ji Baturen da ke ɗaukar hoto a bariki, wanda muke kira Mushe kamar yadda ake kiran Faransawa, yana miƙo mini gilashin da hoton ya fito a kai.

Wata bakwai ke nan yana koya mini aikin, ni da na girma a majema ina jimar fata. Ya koya mini auna haske da tsoma gilashi a ruwan magani. Darasinsa na farko kuwa shi ne, duk abin da ya motsa, akwatin hoto ba ya kama shi.

Na ɗaga gilashin a rana. Tsakar gidanmu ce a Birnin Damagaram, ranar da ya ara mini akwatin. Ga matata tsaye kamar an dasa ta, har saƙar zanenta ta fito. A gefenta, inda na tsayar da ɗiyarmu, babu komai sai wani abu kamar hayaƙi. Sau uku na daka mata tsawa, sau uku tana kwasawa da gudu bayan ɗan akuya tana dariya.

"Gilashi daga Faransa yake zuwa," ya ce. "Wanke shi ka sake ɗaukarta. Wannan karon ka sa ta tsaya cik."

"Ai ta tsaya, Mushe," na ce. "Ciwon agana ya tsayar da ita har abada ran Laraba."

Ya sauke hannunsa.

Na naɗe gilashin a jar fata, na sa a ƙirjina. Duk faɗin Damagaram, nan kaɗai ya rage inda take gudu.