Jinin Gwaggo Tabawa

Tun da aka wajabta shan ƙwayar hana tsufa kowace safiya, fuskokin mutanen Haɗeja suka yi sumul, amma jininsu ya tsinke, domin ƙwayar tana hana jiki riƙe sinadarin ƙarfe.

Ranar da Kande ta haihu ta zubar da jini sosai. Danginta goma sha ɗaya suka yi layi a asibiti don ba ta nasu, na'urar gwaji ta ƙi su duka.

Sai gwaggonta Tabawa ta miƙa hannu, fuskarta duk tamoji.

"Inna, koma ki zauna," in ji Sabi'u, ma'aikacin jinya. "Samari ma nasu bai kai ba."

"Ɗan nan, gwada dai."

Fitilar na'urar ta yi kore. Sabi'u ya sake gwadawa, sannan ya rage murya. "Inna, kina shan ƙwayarki kuwa?"

"Kajina nake zuba wa. Ni hanta nake ci, da zogale."

Ya dubi akwatin da ake jefa sunayen masu ƙin sha, ya juya masa baya, ya ɗauko allura.

Kafin la'asar Kande ta buɗe ido, ta ce a miƙo mata jaririnta.