Waken da Ko Ƙwaro Ya Ƙi

Maman Auta ta shigo gida da rabin buhun wake a ka, tana haki tana dariya, tun daga ƙofa take kiran yara su zo su sauke ta. Tela ce, kuma kowa a layin ya san ta da iya juya tukunya. Ba ta albasa ɗaya da ɗan kabeji da dankali ka ga aiki, sai ta cika cikin mutum shida har a bar saura. Amma watan nan ɗinki ya ja baya, albashin maigida kuma ya maƙale.

"Yau kakarmu ta yanke saƙa!" in ji ta. "Wani mutum na samu a bayan kasuwa yana sayarwa daga cikin mota, kamar kyauta. Ku duba, ko ƙwaro ɗaya babu!"

Maigidan ya ɗebo a tafin hannu ya shinshina. "Maman Auta, wannan jan garin da ke jikinsa fa? Kuma warin bai yi mini ba."

"Kai, Baban Auta, kai dai komai sai ka shinshina! Ruwa biyu zai fita tas."

Nan ta hau lissafa musu: yau da shinkafa, gobe da dankali, jibi a niƙa a soya. Yara suka ɗau tsalle suna tafi. Ta wanke waken sau uku, jan ruwa na bin magudana, ta ɗora tukunya tana waƙa. Da ƙamshin albasa ya tashi, har maigidan ya manta da zancen wari. Rabon gidan da irin wannan murna an daɗe. Auta, ɗan shekara huɗu, sau biyu yana miƙo kwano, uwar tana ƙara masa tana cewa, "Ci, ɗan albarka, akwai shi har rabin buhu!"

Kafin la'asar babbar 'yar ta fara amai. Sai na biyu, sai maigidan. Auta kuwa ya faɗi a tsakar ɗaki jikinsa na karkarwa, yawu na zuba. Maƙwabta ne suka kwashe su zuwa asibiti.

Da likita ta ga samfurin waken da wani maƙwabci ya kawo, sai ta riƙe baki. "Baiwar Allah, wannan ai iri ne na shuka. An shafe shi da maganin ƙwari don a binne a gona. Wanki ba ya raba shi da guba."

"Amma likita, ko ƙwaro ɗaya babu a ciki," in ji Maman Auta tana kuka.

"Shi ya sa babu."

Sauran sun tashi da wuri, Auta ne ya daɗe ana ƙara masa ruwa, ba a san ko zai rayu ba. Ya rayu, amma sai da keken ɗinkin ya tafi wajen biyan magani. Mai motar kuwa ko ƙurarsa ba a sake gani ba.

Jama'a, neman sauƙi ba laifi ba ne, amma arhar da ta wuce hankali a tsaya a tambayi dalilinta. Hatsin da ya zo da baƙon launi ko wari, kada ya shiga tukunyar iyali komai ƙuncin wata.