Laraba Ranar Mahauta Ce

Tun da aka haɗe sayen manhajar kwamfuta wuri guda don rage ɓarna, lasisi ɗaya ya rage wa ƙaramar hukumarmu, kowane sashe da ranarsa. Ƙofar maƙabarta kuwa ba ta buɗewa sai da lambar da manhajar ta fitar.

Inna Tabawa ba ta yi shawara da kowa ba, ta rasu ran Laraba, ranar sashen mahauta.

Ɗanta Tanimu ya iso sakatariya da gudu. An riga an yi mata wanka, jama'a na jira cikin rana.

"Allah ya jiƙanta," in ji Malam Isyaku magatakarda, yana tauna goro. "Rajistar mamaci aikin sashen lafiya ne, su kuwa sai Litinin."

"Litinin, Malam? A wannan zafin?"

"Kwantar da hankalinka, akwai yadda muke yi. Mu shigar da ita nan sashen mahauta, daga baya a gyara. Jiya ranar sashen ayyuka ce, baban kansila muka shigar a matsayin kwalbati, kuma bai yi ƙorafi ba." Ya gyara tabarau. "Yankakkiya ko mushe?"

Tanimu ya tsaya yana kallonsa.

"Kada ka ce mushe, ɗan'uwa. Motar shara za su turo."

Tanimu ya sunkuyar da kai. "Yankakkiya."

Malam Isyaku ya danna, lamba ta ƙi fita. Ya leƙa, ya yi tsaki.

"Saura tambaya ɗaya. Fatar fa, sayarwa za ku yi ko ajiyewa?"