Bel ɗin da Ya Tsinke a Hanyar Agbalépédo

Buraima bai ma kashe injin tirelarsa ba ya diro. Yana tafe yana ture mutane har ya isa ƙarƙashin rumfar da direbobin unguwar Zongo ta Lomé ke zama su sha shayi.

"Ina Mahamadou?"

Duk garejin ya san abin da ya faru da hantsi. Tirelar Mahamadou, shimfiɗaɗɗiya marar bango, irin wadda a nan ake ce wa filato, ta ɗauko rodi daga tashar jiragen ruwa. A shataletalen hanyar Agbalépédo bel ɗin tsakiya cikin waɗanda aka ɗaure kayan da su ya tsinke, rodin suka zame gefe, suka faɗa kan wani mai babur ɗin haya. Mai babur ya sha da ƙurjewa. Wadda ya goyo kuwa, Meimuna, 'yar Buraima tilo, tana asibiti, likitoci na shawarar ko za su iya barin ƙafarta ta hagu.

Shekara ashirin da takwas Buraima yana jan filato tsakanin Lomé da Yamai, ko bulo ɗaya bai taɓa yarwa a titi ba. Mutum ne mai tsantseni har ya yi yawa. Tsohuwar ƙusa ma ba ya zubarwa, tamfol ɗinsa idan ya yage da kansa yake zama ya gyara. Shi ya koya wa rabin garejin cewa rodi ba a ɗaure shi da ƙasa da bel biyar, kuma a tsaya a ƙara ja bayan tafiyar farko, domin kaya sai sun zauna. Shi ne kuma mai bakin faɗa a taron ƙungiyar direbobi kan dokar da kowa ya sani: bel ɗin da ya gaji a yanka shi gida uku kafin a yar, kada wani ya tsinta ya ɗaure kaya da shi.

Yau kuwa zuciyarsa tafasa take. A bakin ɗakin tiyata ya rantse wa matarsa cewa wanda ya yi wannan sakaci ba zai sake riƙe sitiyari a ƙasar Togo ba, ko da zai sayar da motarsa ya bi shari'ar.

A bayan masallacin gareji ya sami Mahamadou a tsugune, jandarmomi sun sallame shi zuwa gobe. Saurayi ne ɗan Dosso, wata huɗu ke nan da ya fara jan motar kansa.

"Bel nawa ka sa?"

"Biyar, Baba. Wallahi biyar."

"Ka tsaya ka ƙara ja?"

"Na tsaya. Kowa ya gan ni."

"Ƙarya kake yi! Bel mai lafiya ba ya tsinkewa da tafiyar kilomita goma. Kai dai jaki ne aka ba lasin!"

Ya cakumi wuyan rigarsa ya ɗaga shi tsaye. Sai da mutum uku suka ɓamɓare hannunsa. Shugaban ƙungiya, Alhaji Abdurrashid, ya ce a yi a hankali, yaron ya riga ya shiga uku. Buraima ya ce ba ya son jin hankali, a buɗe littafin ƙungiya a soke sunan Mahamadou yanzu, a gaban kowa.

"To a ga bel ɗin tukuna," in ji Alhaji.

Mahamadou ya shiga kan motarsa ya ɗauko guntun da jandarmomi suka bari. Ya ce huɗu sababbi ne, kuɗinsa ne bai kai na biyar ba, sai ya sayi na hannu a wata rumfar tarkace da ke kasuwar Hédzranawoé. Ya duba shi daga ƙugiya zuwa ƙugiya bai ga komai ba, sai ɗan baƙin mai a tsakiya.

"Na hannu!" Buraima ya juya ga jama'a. "Kun ji? Ran 'yata ya ɗora a kan bel na hannu!"

Ya fizge guntun ya fita rana da shi don ya nuna musu. Tsinkewar ba irin ta gajiya ba ce, a miƙe take kamar an ja layi. Ya sa farce ya kankare baƙin man.

"Wannan ai ɗinki ne," in ji Alhaji daga bayansa. "Wani marar tsoron Allah ya ɗinke yagewa ya shafe da mai ya kai kasuwa. Shi ya kamata mu nema."

Jama'a suka ɗau tsinuwa. Buraima kuwa ya ƙara matso da guntun kusa da idonsa. Yana tsaye yana kallon zaren, sahu biyu da ƙulli a kowane ƙarshe, yadda ya ɗinke shi da hannunsa kafin damina, ranar da ya ɗauko wuƙa zai yanka ya ga bel ɗin ya yi masa kyau da yawa, ya fasa, har daga baya ya bar hannunsa ba a yanka ba.