Gyaran Tarihin Dakta Araba

Anti Esi ta sake jan layi da jan biro, karo na tara ke nan a shafin farko kaɗai.

Mu nan garin Oguaa ba ma binne babban mutum sai da ɗan littafin tarihinsa, a raba wa jama'a a coci, a karanta a gaban gawa. Abin da aka buga a ciki shi ke zama gaskiya har abada, ko da mai rubutun gyangyaɗi yake yi. Ran Asabar za a binne Dakta Araba Bentsil, ɗaya daga cikin matan farko da suka karanta ilimin sinadarai a ƙasar waje. Mai ɗab'i ya ce ƙarfe huɗu zai rufe.

Ticha Ampiah, ɗan ƙanen Dakta da 'yar'uwarta Anti Esi, shi ya rubuta shafi shida ya kawo wa tsohuwar ta duba. Ba don yana ganin ta iya ba. Mai sabulun salo ce, shekara hamsin tana auna toka da manja a bayan gida. Amma duk waɗanda suka san 'yan matan nan biyu suna yara sun riga mu gidan gaskiya, ita kaɗai ta rage a gidan mai ɗaki bakwai, daga ita sai kaji.

Ticha ya rubuta cewa marigayiya ta ci saba'in da takwas a jarrabawar neman gurbin karatu. Anti Esi ta soke, ta sa tamanin da bakwai. Ya ce a mota aka kai ta zauren jarrabawa. Ta gyara: a ƙafa ta je, takalmi a hannu don kada ya ci ƙasa. Ya ce tun tana goye take son kimiyya, irin ƙaryar da ake yi wa kowane mamaci. Ta goge, ta rubuta ranar da malamarsu ta ɗiga ruwan toka a jan ruwan soɓorodo ya koma kore, yarinyar ta kasa cin tuwon dokunu da rana saboda tunanin abin da ya faru a cikin kofin. A nan biron ya yi ta gudu, har rubutun ya gangara gefen takarda.

Daga shafi na uku, inda jirgin ruwa ya tashi, sai hannunta ya tsaya. Sanyin Turai, farar riga, digiri, shekara arba'in ana gwada ruwan rijiyoyin ƙauye don kada yara su sha guba. Ba ta da abin gyarawa. A wasiƙu kawai ta san wannan rayuwar, kuma ta san Dakta ta yi aikin da guminta, babu mai ƙwace mata shi. Ta ji alfahari, ta ji kuma wani kaɗaici da ya fi na gidan nauyi.

A shafin ƙarshe ta tarar da kanta a layi ɗaya: "Ta bar 'yar'uwa, Esi, wadda ba ta yi nisa a karatu ba." Ta daɗe tana kallon layin, ta bar shi yadda yake.

Ƙarfe uku da rabi Ticha ya shigo yana share gumi. Ya ga jan da ya cika takardarsa, ya ɓata rai, don mai gyara wa ɗalibai ba ya son a gyara masa.

"Anti, ke kam da ke aka shiga zauren ne?"

"Gidanmu ɗaya, ɗana."

"To, saura abu guda. Takardar haihuwa ta ce ranar Talata aka haife ta, kuma ai sunan ma ya faɗa, Araba 'yar Talata ce, kamar yadda ke Esi 'yar Lahadi. Amma a asibiti ta ce min ita ana kaɗa ƙararrawar coci ta Lahadi aka haife ta. Ruɗewar tsufa ce, ko in gyara?"

Biron na hannunta. Layi ɗaya ya isa, kuma bayan ita babu mai sake jan sa.

Ta rufe biron. "Araba ranar Talata aka haife ta. Bar shi haka, ka yi sauri kada a rufe."

Ya kwashi takardun ya fita. Ta zauna tana jin ƙarar takalminsa har ta ɓace.

Ba ta yi masa ƙarya ba. A wancan lokacin, saura wata guda jirgi ya tashi, likita ya saurari ƙirjin wadda ta ci jarrabawar, ya ce tarin fuka ne, ba ta zuwa ko'ina. Ubansu ya ce gurbi ba zai lalace ba alhali akwai mai kama da ita a gida. Esi ce ta hau jirgi da takardun. Araba kuwa shekara sittin da ɗoriya ke nan tana amsa sunan ƙanwarta, kuma ran Asabar za ta zauna a layin gaba ta ga an binne nata sunan.